Makullan Bangon Dalhatu

Dogo Tebo, Potiskum
8 ga Afrilu

Zuwa ga Baffa Almustapha, a Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Hajiya Mubaraka da duk mutanen gida. An yi ƙaramar sallah lafiya, Allah ya maimaita mana. Ni ne Dalhatu, ɗan marigayi Malam Babaji mai makulli, wanda kakanku ɗaya da shi. Na yi wannan bayani ne don rabonmu da haɗuwa tun rasuwarsa, kada ka ga takarda ka yi ta tunanin wane Dalhatun ne. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Matata Rauda tana gaishe ku, 'yarmu Khaulat kuma ta kusa kamo ni tsawo.

Na so in kira ka a waya, sai Bashir direba ya ce kada in wahalar da kaina, wai ƙarar injin yanka makulli ta cinye maka kunne, saƙon waya kuma ka ce rubutunsa ya yi ƙanana. Shi ya sa na koma takarda. Bashir yana bi ta Kano da tirelar shanu bayan kasuwar Laraba, ya ce ya san shagonka, zai riƙa kai mana yana kawowa.

Baffa, shawara nake nema. Har yanzu ina rumfar Baba a bakin Kasuwar Shanu. Makullin kwaɗo da na ƙofa da na keke napep duk ina yanka su, alhamdulillahi. Amma aikin yana canza min a hannu. Makon jiya wani mutumin Gadaka ya kawo makullin mota mai rimot. Na yanka masa wani daidai, haƙori da haƙori. Ya shiga, ya juya, mota ta ƙi tashi. Mutumin ya dube ni, ni kuma na dubi makullin. Daga baya aka ce min akwai 'yar na'ura a cikin kan makullin, sai an haɗa ta da motar ta kwamfuta. Ni kwamfuta a makarantar sakandare na taɓa ganinta, ita ma an lulluɓe ta da zane.

An ce kana cikin manyan ƙungiyar masu sana'ar makulli a nan wajenku. Mu nan ba mu da yawa, ba mu da ƙungiya. Shin shigarta tana da amfani? Wasu sun ce taro ne kawai da kuɗin wata da shan lemo. Ina da littafin da nake rubuta abin da ya faru kullum, na raba shafi biyu a ciki, gefe ɗaya abin da zan samu, gefe ɗaya abin da zan rasa, to duka gefen biyu babu komai, don ban san komai a kai ba. Rauda ta leƙa ta ce, "Ka shiga mana, in babu daɗi ka fito. Ai ba kabari ba ne." Ita komai a wajenta mai sauƙi ne.

Ka gafarce ni in na cika ka da surutu.

Ɗanka,
Dalhatu

* * *

Kano
14 ga Afrilu

Dalhatu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Hajiya tana amsawa, ta ce a shafa mata kan Khaulat in hannu yana kaiwa. Kunne kam ya tafi, amma ido da ci suna nan.

Ba sai ka gaya min wane Dalhatu ba. Kai ne ka haɗiye makullin akwatin kakarku kana rarrafe, gida duka aka zauna jiran fitowarsa. Tun ranar na san sana'ar ta shige ka.

Ga amsarka ba kwana-kwana. Amfani akwai. Muna da injin haɗa makullin mota na ƙungiya, ana koyar da 'yan ƙungiya duk Asabar, kuma in aiki ya zo maka kana iya kawowa a yi. Ɗanyen makulli, wanda ba a yanka ba, muna saro shi tare, yana zuwa da sauƙi. Babban abin shi ne katin ƙungiya. Ka san halin sana'armu, ranar da aka shiga shagon wani ba a fasa kwaɗo ba, mai makullin unguwa ake fara nema. In kana da kati, ba kai kaɗai za ka tsaya gaban hukuma ba, za mu tsaya tare da kai. Na nesa ma muna karɓa, akwai wani daga Azare.

Rashin daɗinta kuma, taro yana da tsawo, shugabanmu mutumin kirki ne amma in ya miƙe ba ya zama. Nan ne nake gode wa Allah da kunnena.

Sai doka. Ba a yanka makulli daga shatin sabulu ko hoton waya. Ba a buɗe kwaɗo sai mai shi yana tsaye. Kuma ɗan ƙungiya ba ya riƙe makullin kowa a hannunsa sai nasa. Ni shekaruna duk a wannan sana'a ban taɓa kwana da makullin wani ba. In ka ga za ka iya, ka sanar da ni in ba da sunanka.

Baffanka,
Almustapha

* * *

Dogo Tebo, Potiskum
23 ga Afrilu

Baffa,

Assalamu alaikum. Takardarka ta iso, na gode ƙwarai. Da fatan jiki da sauƙi. Mu lafiya, sai dai Rauda da Khaulat sun karanta zancen makullin akwati, yanzu in na zauna cin abinci sai Khaulat ta janye makullan gida daga gabana.

Gefen abin da zan samu ya cika. Ina so in shiga, ka ba da sunana. Amma doka ta ƙarshe ta tsaya min a rai, na karanta layin har na haddace shi. Akwai abin da ban gaya maka ba, ba don ɓoyewa ba, don ban taɓa ɗaukarsa abin faɗa ba ne.

A bangon rumfata ta ciki akwai ƙusoshi jere, an rufe su da labulen buhu. Kowace ƙusa da makullin wani a rataye. Baba ne ya fara. Ka san mutanen kasuwar shanu, yau suna nan, gobe sun bi tirela kudu, sai bayan mako ko fiye. To in mutum ya yanka makulli na biyu, ba ya kai shi gida, sai ya ce, "Malam Babaji, rataye min." Dillalai, mahauta, masu shagon dusa, masu abinci, kusan kowa. In mai shi ya yi tafiya, ko nasa ya ɓata, sai a zo wajenmu. Mun san wanda aka yarda a ba, mun san wanda ko da kuka ya zo ba za a ba shi ba.

Babu suna a jikin ko ɗaya. Baba ya ce suna shi ke nuna wa ɓarawo ƙofa. Ɗan zare mai launi kawai ake ɗaurawa, sauran kuma ido ne. Kowace safiya in na buɗe rumfa nakan ɗaga labulen in bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda na ga yana yi. Tun zamaninsa har yau ba a taɓa cewa an shiga wani wuri da makullin bangonmu ba.

Shin wannan ma dokar ta hau kansa? Ni ban ɗauke su riƙo ba, ajiya ce aka ba mu. Amma wataƙila haka duk mai karya doka yake gaya wa kansa. Ina jiran amsarka kafin in yi komai.

Ɗanka,
Dalhatu

* * *

Dogo Tebo, Potiskum
14 ga Mayu

Baffa,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya. Mu lafiya, zafi ya ƙaru, kasuwa ta cika saboda babbar sallah ta matso.

Bashir ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo. Kowane zuwa ina tambayarsa, "Baffa ya ba ka takarda?" Sai ya ce a'a, yana kallon tayar motarsa. Na fahimta. Mutumin da bai taɓa kwana da makullin wani ba, ga ɗan ɗan'uwansa da bango guda. Rauda ta ce in kira Hajiya Mubaraka in tambaya, na ɗauki wayar na ajiye. In ranka ya ɓaci, ba na so a sa Hajiya ta yi ta neman kalmar da za ta tausasa min.

Don haka na yanke shawara da kaina. Doka a fili take, ni ne nake neman hanyar kewaye ta. Na fara mayar wa mutane makullansu.

Baffa, ban san abin zai yi wuya haka ba. Na zaci za a karɓa a yi godiya. Wani mahauci ya tambaye ni ko tashi zan yi daga garin. Wani ya ja ni gefe ya ce in gaya masa gaskiya, likita ne ya gaya min wani abu?

Akwai Ya Fanne, tsohuwar da ke sayar da tuwo kusa da rumfata, tun ina yaro take wurin. Na miƙa mata nata mai jan zare, ko hannu ba ta ɗago daga tukunya ba. Ta ce, "Kai na ba?" Na ce a'a, Baba. Ta ce, "To je ka kira shi ya mayar min." Na yi mata bayanin ƙungiya da injin kwamfuta. Ta ce, "Su mutanen Kanon sun san ni?" Na ce a'a. Ta ce, "To ni ma ban san su ba. Mayar da shi ƙusarsa, ka zo ka ci tuwo." Nata kaɗai ya rage a bangon, na rasa yadda zan yi da shi.

Wanda ya fi damuna shi ne Alhaji Muhammadu Lawan, babban dillali, abokin Baba. Yana da garke a bayan gari, an kewaye shi da katanga da ƙofar ƙarfe, a nan yake kiwata bijiman sallah. Ya karɓi makullin ya daɗe yana juya shi, sannan ya ce, "Dalhatu, wani abu na yi maka?" Na rantse masa babu. Sai ya ciro igiyar fata da ke wuyansa, ya zura shi kusa da ɗan'uwansa. Na ce, "Alhaji, kada su zauna wuri ɗaya, amfanin na biyu ke nan." Ya ce zai ba Hajiyarsa in ya koma gida.

Yanzu da safe in na ɗaga labule sai ƙusoshi tsirara. Hannuna bai daina ɗagawa ba tukuna. Amma na cika sharaɗi, ban da na Ya Fanne. Ka yi haƙuri da ni.

Ɗanka,
Dalhatu

* * *

Dogo Tebo, Potiskum
17 ga Mayu

Baffa,

Assalamu alaikum. Lafiya muke. Wannan ta motar haya na aiko, don Bashir yana kudu, kuma maganar ba ta jira. Ina roƙo ka janye sunana daga ƙungiya kafin in ja maka abin kunya.

Ranar Alhamis da rana Alhaji Muhammadu Lawan ya loda shanu a tirelar Bashir. Kafin ya tafi ya leƙa garke, ya kulle da hannunsa kamar yadda ya saba, ya hau mota. Shekara da shekaru haka yake yi, don ya san akwai wani makullin a bangona. Washegari da hantsi sai ga matarsa, Hajiya Zara, a keke napep, tare da mutumin da ke ba shanun ruwa. Ta ce, "Malam Dalhatu, a ba mu na garke." Na ce ai na mayar wa Alhaji, bai ba ki ba? Ta ce bai ba ta komai ba. Duka biyun suna wuyansa, suna hanyar Legas.

Aka kira wayarsa, a kashe. Ta Bashir ma haka. Bijimai suna ciki tun jiya, kwamin ruwansu ya ƙafe, masu kurar ruwa suna tsaye a bakin ƙofa ba hanyar shiga. Katangar an dasa mata fasassun kwalabe. Kwaɗon kuma ba ya fasuwa da guduma, don an yi masa rumfar ƙarfe an walde, zarto ma ba ya isa gare shi. Ni na ba Alhaji wannan shawara bara, har ina alfahari da ita.

Hajiya ta ce in zo in buɗe. Baffa, sai na ji bakina yana cewa, "Ba a buɗe kwaɗo sai mai shi yana tsaye." Ya Fanne tana jin mu daga wajen tukunyarta. Ta ajiye muciya ta ce, "Su bijiman ma 'yan ƙungiya ne?" Na ce a'a. Ta ce, "To ɗauki kayanka. Ni ma zan je, in mutanen Kano sun tambaya ka ce ni na sa ka."

Tun daga nesa muke jin kukansu. Ban taɓa jin kukan sa mai ƙishirwa kusa haka ba, ba irin na kasuwa ba ne, ƙasa-ƙasa yake fita. Na sa aka kira mai unguwa ya tsaya shaida. Na durƙusa da 'yan wayoyin ƙarfen da nake buɗe kwaɗo da su, amma rumfar ƙarfen ta hana hannuna juyawa. Gumi yana shiga min ido, mutane sun taru, kowa yana ba da shawara.

Sai na rufe ido don gumin, kawai na ga makullin. Ƙusa ta layin sama, kusa da kusurwa, shuɗin zare. Haƙorin farko dogo, na biyu ya faɗa, sai biyu daidai, na ƙarshe ɗan guntu. Na ciro ɗanyen makulli da magagari, na zauna a ƙasa na goge shi kamar yana gabana. Da farko ya shiga bai juya ba. Na ƙara shafa wa haƙori na biyu magagari kaɗan, ya buɗe.

Bijimi ɗaya ya riga ya kwanta, amma da aka jiƙa masa kai ya sha, ya miƙe kafin a tafi masallaci. Sauran lafiya. Na miƙa wa Hajiya Zara sabon makullin, ta mayar min ta ce, "Rataye shi inda yake." Na dawo rumfa na rataye shi.

To ka gani. Na buɗe kwaɗo mai shi ba ya nan. Ina riƙe da makullin mutum biyu. Abin da ya fi tayar min da hankali kuma, da na koma rumfa na gwada kaina, na dubi ƙusoshin nan ɗaya bayan ɗaya, kowace na ga makullinta. Na mayar wa mutane ƙarfensu, amma duk suna cikin kaina. Ban san yadda ake mayar da wannan ba. Mutum irina bai dace da kati ba.

Ɗanka,
Dalhatu

* * *

Kano
25 ga Mayu

Dalhatu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Hajiya ta ce in gaya maka ta yi dariya har ta ƙware, ni kuma na ga dariyar ban ji ta ba.

Da farko, wa ya gaya maka na yi fushi? Na amsa takardarka ta zancen bango tun a watan jiya. Hajiya ta soya wa Rauda alkaki, ta sa takardar a ƙasan ledar don kada ta ɓata, ta ba Bashir. Shi kuma yunwa ta kama shi a hanya ya taɓa ɗaya, daga ɗaya ya wuce inda za a iya kai wa mutane saura. Sai ya tura ledar bayan kujera ya yi shiru. Da kake tambayarsa takarda, bai san da ita ba, alkakin yake jin kunya. A wannan tafiyar ya cinye ragowar, ya ga takarda a ƙasa duk mai. Ya zo nan da ita da takardarka ta mayar da makullai, wadda bai tsaya ya ba ni ba a tafiyarsa, yana ta sunkuyar da kai. Abin da na rubuta a ciki layi biyu ne: kada ka taɓa ko ƙusa ɗaya, zan kai maganar gaban taro.

Jiya aka yi taron, kuma a waje aka fara shi, ƙarƙashin bishiya. Sakatarenmu ya tashi aikin Hajji da makullin ofis a aljihunsa. Ka ga masu makulli cike da wuri, kowa da kayan aiki a jikinsa, ana kallon kwaɗo ɗaya. Wani ya ce a buɗe, wani ya ce mai shi ba ya tsaye. Shugaba ya miƙe ya fara bayanin wane ne mai kwaɗon a shari'ance, sakatare ko ƙungiya. Da na ga bakinsa ba zai tsaya ba, na ciro takardarka ta bijimai na ce a ba ni dama, na karanta musu da ƙarfi. An ce da ƙarfi sosai, har masu shagon tsallake sun ji. Da na zo wajen tambayar Ya Fanne, na ga kafaɗu suna rawa. Kafin in gama wani ya juya baya ya buɗe ofishin, muka shiga.

An yi gardama, ba zan ɓoye maka ba. Wasu sun ce in aka buɗe wannan ƙofa, kowane ɓata-gari zai tara makullan mutane ya ce ajiya ce. Suna da gaskiya, don irinsu aka yi dokar, mun taɓa ganinsu. Ga abin da aka tsaya a kai. Ajiya ta halatta in mai makulli ne ya kawo da kansa. Amma ba a bango ba. A akwatin ƙarfe mai kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannunka, ɗaya a hannun wani amintacce wanda ba ɗan sana'a ba, yadda ba mai buɗewa shi kaɗai. Buɗe kwaɗo ba mai shi kuma, in rai ne a ciki, na mutum ko na dabba, a kira shaidu a buɗe, kamar yadda ka yi.

Zancen makullan da ke kanka, na faɗa musu. Shugaba ya ce ƙungiya ba ta da kwaɗon da ake sa wa kai, kuma duk wanda ya daɗe a sana'ar nan yana yawo da irinsu. Shi ya sa muke duba mutum kafin mu ba shi kati. Sun duba ka, sun ce ka zo.

Ban janye sunanka ba. Asabar ta bayan sallah ka zo da hoto, za a fara nuna maka injin. Ka kwana a gidana. Ka daina yanke wa kanka hukunci kafin a kira shari'ar.

Baffanka,
Almustapha

* * *

Dogo Tebo, Potiskum
24 ga Yuni

Baffa,

Assalamu alaikum. Ka gafarce ni da jinkirin takarda, na iso gida lafiya tun tuni, na gode da karɓar da kuka yi min. Alkakin Hajiya ya iso wannan karon, don a cinyata ya zauna har Potiskum. Rauda ta ce a gaya mata ya fi yadda Bashir ya ba da labari. Kowa lafiya, an fara samun ruwan sama.

Na nemi mutumin Gadaka na gaya masa na fara koyo. Ya ce in na iya in kira shi, har yanzu da makulli ɗaya yake yawo. Ban iya ba tukuna. Injin yana tambaya da Turanci, ni kuma ina tsoron danna abin da zai kashe motar mutane. Amma malamin ya ce hannuna yana da kyau, tsoron ne ya yi yawa. Na rubuta wannan a littafina, na ja masa layi. Taron kuma ka yi gaskiya, da tsawo. Ni da nake da kunne na ji shi duka.

Mai walda ya haɗa min akwatin, da ƙusoshi a ciki jere kamar na bango. Ban aika wa kowa ba, amma labari ya zaga. Alhaji Muhammadu Lawan ne ya fara zuwa. Ya ciro igiyar wuyansa ya zare ɗaya ya ajiye a teburina, na ce ai akwai wanda na yanka. Ya ce, "Riƙe duka. Ni an gwada ni an gani." Mahaucin da ya zaci tashi zan yi ya kawo nasa da tsire a takarda. Yanzu ƙusoshin sun kusa cika, har da na mutanen da ba su taɓa ajiya a wajen Baba ba, wai sun ji akwati mai kwaɗo biyu ne.

Makulli na biyu na akwatin, kowa ya ce Ya Fanne. Kullum tana wurin tun safe, kuma ba wanda ya isa ya lallashe ta. Ta karɓa ta ɗaure a bakin zanenta. Yanzu in za a buɗe sai ta wanke hannu ta zo, ta tsaya tana tambayar mai karɓa sunan ubansa.

Sai jiya ta zo da wata magana. Ta ce ita tsohuwa ce, zane yana kwancewa, in yanka mata na biyu. Na yanka. Ta juya shi ta miƙo min ta ce, "Rataye min." Na ce Ya Fanne, in na riƙe wannan, makullan akwatin duka biyu suna hannuna, an koma inda aka fara. In na sa shi cikin akwatin kuma, ranar da naki ya ɓata yana ciki a kulle. Ta ce wannan matsalar 'yan ƙungiya ce, ita tuwonta yana ƙonewa.

Na yi ta tunani. Rauda a gidana take, hannunta hannuna ne. Alhaji kuwa ka ji abin da ya ce da bakinsa. Mutum ɗaya na sani wanda ba zai ba ni shi ba ko na yi kuka, sai Ya Fanne ta aiko da kanta. Na gaya mata, ta ce, "Kurman nan da ya karanta maganata a taro? Aika masa."

Yana cikin ambulan ɗin nan, na naɗe shi a takarda, da jan zare. Na san abin da ka ce game da kwana da makullin wani. In ba zai yiwu ba, ka mayar min ta hannun Bashir, amma kada a haɗa shi da abin ci.

Ɗanka,
Dalhatu

* * *

Kano
30 ga Yuni

Dalhatu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ya iso.

Na kai shi gaban shugaba, ya miƙe zai yi bayani, na ce masa ba na ji. Na dawo shago na nemi guduma. Ka gaya wa Ya Fanne na buga ƙusa, yana rataye. Yau da safe na kama kaina ina duba shi.

Baffanka,
Almustapha